Jirgin Ɗanƙarami da Azarar Marigayi

Duk wanda ya ce muku jirgin Ɗanƙarami bai tashi ba ya yi ƙarya, wanda ya ce muku ya tashi kuma ku bar shi da Allah. Ni ce Ramatu mai alkaki ta unguwar Birni a Damagaram. A gabana aka yi komai, da itacena kuma aka yi, don haka daga bakina ya kamata a ji.

Ɗanƙarami ƙanin marigayi maigidana ne. Sunan ne kawai ƙarami, in zai shiga zaure sai ya karkace. Sana'arsa haɗa ganga da kalangu, kuma ba zan ci amanarsa ba, hannunsa ya san fata. Bakin ne ba shi da linzami. Tun ran da ya gani a salularsa wani bature ya haɗa jirgin sama a bayan gidansa, unguwa ba ta ƙara hutawa ba.

"Matar Yaya," ya ce mini, "bature da me ya fi ni? Kai ɗaya gare shi, nawa ma ya fi nasa girma."

"Kabewa ma ta fi naka girma," na ce, "ba a taɓa ganin ta a sama ba."

Bai ji ba. Ya aro injin ban ruwa a wajen Alhaji Haruna, Bakano mai shago a kasuwar Dole. Ya cire ƙafafun baro, ya sa masassaƙi ya fafe masa farfela da itacen turmi, ya kwance gadon ƙarfen da ya gada, ya saro rassan bedi, wato dogon yaro. Fiffike kuwa ya ce da ɗanyar fata zai ɗaure shi kamar ganga, wai abin da turawa suka kasa ganewa ke nan shi ya sa nasu ke faɗowa. Abu ɗaya ya rage masa, itacen da zai ratsa tsakiya ya riƙe fukafukan biyu. Sai na ga yana yawan zuwa gaishe ni, yana gaisuwa idonsa na sama.

Azarar rumfata yake kallo. Azarar giginya ce baƙa wuluk, marigayi ya ɗauko ta daga ƙasar Magariya bisa amalanke shekarar da na tare. Gara ta gwada haƙoranta ta haƙura. Ita ke riƙe da rumfar da nake tuya a ƙarƙashi. In babu azara babu rumfa, in babu rumfa ruwan damina ya zuba cikin mai, alkaki ya tashi daga aiki, ni kuma in ci me? Irinta yau ko ka zagaye Damagaram da fitila ba ka samu.

"Aro za ki ba ni," ya ce. "Ke zan fara kaiwa Makka."

"Ni ko Tirmini ba na bin ka. Kira Bulama."

Bulama Safiyanu, mai unguwarmu, ya zo ya zauna, aka yi magana a gabansa. Ɗanƙarami ya ce in jirgi ya tashi da shi kafin ruwan farko ya sauka, azara ta zama tasa. Na ce na yarda. In kuma bai tashi ba, azara ta dawo, jirgin kaf ya zama nawa, daga fata har ƙafa, sannan shi da hannunsa zai mayar mini da rumfa. Ya ce ban da inji, na Alhaji ne. Na ce to a madadin inji ya ɗebo mini ruwa har ƙarshen bazara, kun san ruwa a garin nan. Ya ce wannan zalunci ne. Na tashi na kama tabarmata zan naɗe. Ya ce ya yarda.

Bulama ya girgiza kai ya ce, "Ramatu, Allah ya jiƙan mijinki Zakari, ya yi haƙuri."

Na koma gida ina jin daɗi, don na san buhun gero zai riga jirgin nan tashi. Maƙwabciyata Rahama ce ta ɓata mini rai. Ta leƙo ta katanga ta ce, "Ke mai wayo, jirgin da bai tashi ba iri biyu ne. Akwai wanda ya zauna lafiya, akwai wanda ya ɗan ɗaga ya rugurguje. In ya raba miki azara biyu fa, rumfar da me za a mayar?"

Ni ba na ba Rahama gaskiya a bainar kaji. Amma washegari na kwashe murhu da kasko na koma ƙofar rumfar kwanon da Ɗanƙarami ya kai azarata yake aikin jirgin a ciki. Mutane suka ce Ramatu na tsoron kada ƙanin miji ya hallaka. Na bar su da kyakkyawan zatonsu.

Ya jiƙa fatu, ya shimfiɗa bisa ƙashin fiffike, ya ɗinke da tsirkiya. Da suka sha iska ya ɗauko gula, sandar kiɗa, ya buga na dama. Dum! Ya buga na hagu. Dim!

"Kin ji? Namiji da mace. Fiffiken da ke da murya ba ya karyewa. Bature sai ya sa na'ura, ni kunne ya ishe ni."

Ya ci gaba da gwaji, gwaji ya zama kiɗa. Kafin ka ce kwabo mata sun fito da mayafai suna tambaya gidan wa ake biki. Wata tsohuwa ta yi guɗa, ta liƙa masa goro a goshi.

Kiɗan ne ya jawo jandarma. Ya sauka daga moto, ya zagaya abin, ya ce, "Wane ne mai wannan? Ina farmi? Ba a haɗa jirgi a cikin gari sai da takardar hukuma."

Ɗanƙarami da ya cika unguwa da cewa shi ne matuƙin farko a zuriyar Barno, nan take ya ce, "Ranka ya daɗe, wane jirgi? Ganga ce."

"Ganga mai farfela?"

"Don makaɗi ya sha iska."

Jandarma ya karɓi gula ya buga. Dum! Ya sake bugawa, kafaɗarsa ta ɗan motsa. Ya ce, "To, ganga ce. Amma ran da gangar nan ta bar ƙasa, ni da kai ne." Ya ɗauki alkaki biyu ya tafi. Na bi shi har bakin moto, ya ajiye ɗaya ya biya ɗaya.

Daga nan karnuka suka ji warin ɗanyar fata. Aka wayi gari wutsiyar jirgi ta koma cikin karnukan unguwa, sun kuma tauna gefen fiffike ɗaya. Ɗanƙarami ya sake wata wutsiyar, ya shafe ta da barkono. Karnuka suka bari, amma duk wanda ya raɓi jirgin sai atishawa, shi kansa mai jirgin ido jawur yake aiki, yana cewa hawayen farin ciki ne.

Bulama ya zo ya tsaya yana duba inda azarata ta ƙare, aka ɗaura ƙarfen gado da rassan bedi don fiffike ya yi tsawo. Ya sa sandarsa ya taɓa wurin, abin ya yi lilo.

"Ɗanƙarami, nan fa? Ƙarfe da itace ka haɗa da igiyar fata. In iska ta kama shi a sama, me zai hana shi ninkewa?"

"Bulama, tsirkiyar da ta riƙe kalangun ubana har ya mutu?"

"Ubanka bai hau kalangun ba."

Don ya kunyata Bulama sai ya ce zai yi gwajin turawa. Wai su buhunan yashi suke jibgawa bisa fiffike su ga ƙarfinsa. Shi ba shi da buhu, amma yana da maƙwabta. Ya jera mutane bisa na hagu, fiffike ya yi ƙara ya daure. Ya waiwaya ya ga Rahama, wadda in ta hau amalanke jaki ke kallon sama.

"Rahama, zo ki shiga tarihi."

Ta hau bakin na dama. Ƙas! Ta sauko tare da tarihin, zani a gefe, tana kiran sunan uwarta. Ni kuwa na riga kowa isa, na tsallake ta na shafa azara daga wannan kai zuwa wancan. Lafiya lau. A daidai inda Bulama ya taɓa ne ya ɓalle.

"Muguwa," Rahama ta ce daga ƙasa, "ni ba za ki shafa ni ba?"

"Ke kina da ƴan'uwa, ita ni kaɗai gare ta."

Ɗanƙarami ko a jikinsa. Ya ce gwaji ya yi kyau, don iskar duniya duka ba ta kai Rahama nauyi ba. Ya ɗaure karayar da sabuwar tsirkiya, ya tsiyaya mata ƙaro, ya buga, ya ce muryar ma ta fi ta da daɗi. Bulama ya ce shi dai ba a kan rufin mutanensa ba. In za a tashi, a je faƙon da ke hanyar Tirmini, inda in an faɗo sai dai a dami ƙadangaru.

Ranar tashi shanu suka ja jirgi zuwa faƙo, gari ya bi su. Masu kabu-kabu sun yi ciniki, ni ma na kai tire. Bazara ta kai maƙura, ƙasa kamar kaskon tuya. Da sassafe Ɗanƙarami ya yayyafa wa fatun ruwa suka yi laushi, ya ce da hantsi zai tashi. Ya sa ƙwarya a ka wadda ya lulluɓe da jar fata, ya ɗora tabaran masu walda, har ba ya gane wanda yake gaisarwa.

Da ya tashi da hantsin, wataƙila da labari ya bambanta. Amma Ɗanƙarami ya ga taro. Ya hau kujerar jirgi ya yi wa kansa kirari, shaho ɗan Barno, mai kallon Damagaram ta ƙeya. Ya sauko ya bi mutane ɗaya ɗaya yana neman gafara. Sannan ya buɗe karɓar saƙo. Wannan ya ce a gaida ɗansa a Agadas, waccan ta ba da ƙullin kuka a kai wa ƴarta a Takeita, ya ce ba ya sauka a ƙananan garuruwa amma zai jefa mata. Alhaji Haruna ya riƙe shi yana nanata cewa inji aro ne. Liman ya yi addu'a, Ɗanƙarami ya ce a ƙara, ta yi gajarta.

Rana ta take tsaka. Ni ina zaune kusa da fiffike ina jin wani abu, ƙis, ƙis, kamar ɓera a rumbu. Duk wanda ya taɓa shanya fata ya san abin da rana ke yi mata. Tana bushewa tana tsukewa, tana jan duk abin da aka ɗaura ta a kai. Bakin fukafukan ya fara ɗagowa sama kamar gefen wainar da ta ƙone.

"Ɗanƙarami," na ce, "abinka na kuka."

Ya ɗauko gula ya buga. Da can dum yake cewa, yanzu sai tan! kamar kalangu a hammata.

"Allahu akbar! Kun ji? Murya ta hau. Shi da kansa yake neman sama."

"Fukafukan fa da suka lanƙwashe?" in ji Bulama.

"Haka shaho ke yi in zai tashi."

Ya zauna, aka ja igiyar inji. Inji ya yi tari, ya tofar da ragowar ruwan lambu a kan rigar Alhaji Haruna, sannan ya kama. Farfela ta juya, barkonon wutsiya ya tashi, sahun gaba duka suka durƙushe da atishawa. Majiya ƙarfi suka tura daga baya, jirgi ya gangara, ƙafafun baro na kuka. Yana gudu, yana gudu, gudun da jakin Rahama zai wuce shi in an nuna masa dusa. Ɗanƙarami na ihu, "Ku matsa! Ku sunkuya!" Ba wanda ya sunkuya, babu dalili.

Sai ƙafa ta hau wani ɗan dutse. Jirgi ya yi tsalle kamar kwaɗo ya dira. Ƙarar da ta biyo baya har shanun da suka kawo shi sai da suka tsinke igiya. Fukafukan biyu suka karye a daidai wurin nan na Bulama, suka tashi sama kamar mai kabbara, suka haɗu a bisa kan matuƙi, suka rufe shi ruf. Fatar da ta tsuke ta ja ta ƙulle. Jirgi ya tsaya cak, farfela ta fice ta nufi gabas ita kaɗai.

Can sai muka ji murya daga ciki, ta yi kauri kamar daga rijiya.

"Na tashi? Jama'a, duhu nake gani! Na shiga gajimare?"

Wani ya ɗauki gula ya buga gefe. Dum! Daga ciki aka ce, "Wayyo kunnena!" Jandarman nan yana cikin taro, ya ce, "Ashe gaskiya ya faɗa mini. Ganga ce, har da abin cikinta."

Na ratsa mutane na durƙusa na leƙa ƙarƙashi. Azara tana nan, ko tsagewa. Na yi hamdala da ƙarfi, mata suka ce Allah sarki, Ramatu da son dangin miji.

Wani baduku ya zaro wuƙa zai farke fata a fito da shi. Na riƙe hannunsa.

"Fatar wa za ka yanka? Bulama, jirgi ya tashi?"

"Bai tashi ba."

"To tawa ce. A warware ɗinki, zare zare."

"Matar Yaya!" in ji ganga. "Ina dahuwa! Barkono ya cika nan!"

"Kai ka ɗinka, kai ka san ƙarfin ɗinkinka. Da ka yi sakwa-sakwa da tuni ka fito."

"A yanka, zan biya ki da wata!"

"Wace iri? Ta akuya ko ta sa?"

"Ta raƙumi ma!"

"Ba na son ta raƙumi. Ɗiban ruwan nan, a kai shi har kaka."

"Har kaka!"

"Da itacen tuya."

"Ramatu, ki ji tsoron Allah," in ji Bulama.

"Ina ji, shi ya sa ban ce da sukari ba."

Na nuna wa baduku gefen da karnuka suka riga suka ɓata, na ce ya yanka nan. Aka zaro Ɗanƙarami ta ƙafa, jiƙe sharkaf, ƙwarya a wuya. Yana miƙewa ya ce laifin dutse ne, kuma duk mai ido ya ga ƙafafun sun bar ƙasa. Rahama ta ce ita ma ta bar ƙasa ran da ta hau fiffike, ba ta ce ita jirgi ba ce.

Aka kwaso kayana zuwa gida. Azara ta koma bisa ginshiƙanta. Tsohuwar zanar rumfa ta riga ta ruɓe, sai na ce ya miƙe fukafukan nan, ya haɗa su, ya ɗora mini su a matsayin rufi. Rumfar fata, ba mai irinta a Birni. Yana aiki yana jan jiki, yau ciwon baya, gobe suna, har gabas ta fara haɗa rai.

Ranar da ya hau ɗaurewa, hadari ya taso baƙi ƙirin. Na ce ya fara ɗaure gefen gabas. Ya ce ni da shi wa ya fi sanin iska, shi da ya shiga gajimare? Ya kwanta rub da ciki bisa fata yana ɗaure yamma. Iska ta zo ta shiga ta ƙarƙashi.

Wallahi da idona na gani. Rufi ya ɗaga, Ɗanƙarami na manne a kai kamar ƙadangare bisa faifai. Ya wuce katangata, ya wuce garken awakin Rahama, ya yi wani juyi mai kyau a saman bedi, ya sauka a kan tarin harawar Bulama. Unguwa duka ta gani. Ɗigon ruwa ko ɗaya bai sauka ba tukuna.

Ya taso da harawa a gemu yana ihu, "Na tashi! Bulama, shaida! Ruwa bai sauka ba, jirgi ya tashi da ni! Azara tawa ce!"

Bulama ya dube ni, ya dubi sama, ya ce, "Ramatu, magana dai an yi ta a gabana."

Mutane suka cika ƙofar gida. Rahama har da ɗauko kujera.  Na gyara ɗaurin kallabi na ce, "Gaskiya ne, ya tashi. Ni ma ban taɓa ganin tashi mai kyau irin wannan ba. Amma Ɗanƙarami, abu ɗaya ya ɗaure mini kai. A faƙo, da inji da farfela da addu'ar liman, ka ƙi tashi. Yau babu ko ɗaya ka tashi. Mutane na cewa wai ranar nan rashin iyawa ne."

"Wa ya ce? Rashin iyawa? Nauyi ne!"

"Nauyin me?"

"Nauyin wannan baƙar azarar! Ita ta danne ni! Kuna gani ana cire ta na wuce bedi. Da ba don ita ba da yanzu ina Agadas!"

"Af. To ka ɗauke ta ka sa a sabon jirgin."

"Ni? In sake sa wannan a jirgina? Ko kyauta aka ba ni ba na so! Itacen rumfa ne, ta zauna a rumfa!"

"Bulama, ka ji?"

"Na ji," in ji Bulama, yana rufe baki da hannun riga.

Sai da ya ga mutane na faɗuwa da dariya sannan ya gane inda bakinsa ya kai shi, amma mai kirari ba ya lashe kirarinsa a gaban mata. Na ce tun da fukafukan sun nuna suna son sa, na bar masa su, ya ba ni kwanon rumfar da ya yi aiki a ciki. Ya buɗe baki zai yi gardama, na ce ko matuƙi guda zai tsaya jayayya da bazawara a kan tsohon kwano? Ya ce shi ya fi ƙarfin haka. A cikin ruwan farko ya ɗora mini kwanon, ni ina ƙasa ina nuna masa inda zai buga ƙusa, gabas tukuna.

Yanzu Kaftin ake kiransa, yana amsawa. Kullum ya kawo mini ruwa sai tafiyar ta ƙara tsawo, jiya na ji ya ce daga sama ya hango Tirmini. Azara kuwa tana inda marigayi ya ɗora ta. Ranar da ya ɗora ya ce mini, wannan ba inda za ta. Duk gidansu shi kaɗai ya taɓa yin magana a kan itace ta tabbata.